Kafin Guguwa Ta Sauko

Malekula, Vanuatu
9 ga Yuli, 1994

Yaya Beryl,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki? Mun iso lafiya bayan kwana tara a teku, iska ta yi mana kirki. Bana shekara goma sha biyu ke nan da ni da mijina Keith muke guje wa sanyin garinmu Bundaberg a wannan ɗan jirgin ruwa mai tafiya da iska, kuma na san za ki ce har yanzu ba mu yi hankali ba.

Mu kaɗai ne a wannan lungu. Ma'auratan da muka saba sakin anka, ƙarfen tsayar da jirgi, kusa da su duk sun watse, wasu sun sayar da jiragensu, wasu tsufa ya zaunar da su. Matan ƙauye kan zo a kwale-kwale da gwaza da gwanda, in ba su allura da sabulu, mu yi dariya, su koma. A tsibiri bakwai an san fuskata, amma ba inda nake daɗewar da za a san ni.

Keith lafiyarsa ƙalau, surutu kawai ya rage. Ki rubuto ta gidan waya na Luganville, ko labarin kajinki ne ina so.

Ƙanwarki,
Lorna

Bundaberg
2 ga Agusta

Lorna,

Na gaishe ki. Gwiwa tana nan, kaji suna nan, an fara yankan rake. Labarin garin ke nan ya ƙare.

Yanzu ki daina raina mini hankali. Keith ya rage surutu? Mutumin da ko a jana'izar mijina sai da ya yi wa fasto bayanin iska? Ni na goya ki, yarinya, na san rubutunki idan kina ɓoye abu.

Sati biyu kafin ku tashi na gan shi a gaban kantin burodi, makullin mota a hannu, bai san hanyar gidanku ba. Ni na kai shi. Na ɓoye miki ne saboda ya roƙe ni. Ki faɗa mini gaskiya, wa ke tuƙa jirgin nan?

Yayarki,
Beryl

Luganville
6 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki a tsaye a gidan waya, sai da na nemi benci.

Ni ke tuƙawa. Ni ke duba taswira, ni ke sakin anka, sannan in ce masa, "Kyaftin, ka kawo mu daidai." Hannunsa bai manta komai ba. Ki ba shi igiya ya ɗaura ido rufe, ya dubi gajimare ya faɗa miki abin da iska za ta yi da la'asar. A tudu ne yake ɓacewa. Shi ya sa na kawo shi, don a teku har yanzu shi mutum ne.

Ran Talata na sauka kasuwa na bar shi yana shan shayi. Ina dawowa da kwandona na hango jirginmu ya ɗaga zanen kama iska yana fita. Wasu masunta suka ɗauke ni a jirginsu mai inji, kusan awa guda muna binsa. Yaya, da kin ga yadda ya ratsa tsakanin duwatsun cikin ruwa shi kaɗai! Babban masuncin cewa ya yi, "Mama, tsohon nan naki gwani ne."

Da na hau, ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Baiwar Allah, yi haƙuri ki sauka. Matata nake nema, an bar ta a wani tsibiri."

Na ce, "Na san inda take. Juya, in nuna maka."

Ya juya. Na shiga ciki na dafa mana shinkafa da kifi, muka ci. Shekara arba'in da ɗaya da aure, faɗin jirgin nan bai wuce taku huɗu ba, ban taɓa sanin kaɗaici irin na wannan cin abincin ba.

Guguwa na farawa a Nuwamba. Dole mu ƙetaro kafin nan, kwana tara, kuma ba zan iya runtsawa in bar masa sitiyari ba. Amma zan iya, Yaya. Kada ki gaya wa kowa.

Taki,
Lorna

Bundaberg
21 ga Satumba

Ƙanwata,

Gaisuwa. Ba za ki iya ba, kuma kin sani. Taurin kan nan na Baba ne, shi ma bai kai shi ko'ina ba.

Ban gama miki labarin ranar burodi ba. Da muka isa ƙofar gidanku hankalinsa ya dawo sarai. Ya riƙe sitiyarin motar ya ce, "Beryl, ki bar ni in yi wannan shekarar, ita ce ta ƙarshe. Amma na san matata. Za ta ce za ta ɗauko ni ita kaɗai. Idan ta faɗi haka, ki ce mata kyaftin ya hana." Har ya sa na maimaita, kamar 'yar makaranta.

To, na isar. Ba ni na hana ba, shi ne.

Na share ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon kogi. Shekara shida ina dafa abincin mutum ɗaya, tukunyar ma ta gaji. Ku zo ku dame ni.

Allah ya kawo ku lafiya.
Beryl

Luganville
14 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ki. Wasu matasa mata da miji daga Noumea sun sayi jirgin. Keith da kansa ya zagaya da su, igiya bayan igiya. Da muka sauka ya shafa gefen jirgin ya ce, "Ko na wane ne, mai shi ya iya riƙo."

A bakin gaɓa ya tambaye ni ko ni ma Bundaberg za ni. Na ce e. Ya karɓi jakata ya ce to mu tafi tare, tafiya ba daɗi mutum ɗaya.

Jirgin sama zai sauke mu ran Alhamis da azahar. Idan ya gabatar miki da ni, Yaya, kada ki yi kuka. Ki miƙo hannu kawai mu gaisa.

Sai mun zo.
Lorna