Likkafanin Gwaggo Dije

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da roƙon Allah ya ƙara haskaka makwancinki, na rubuto ne in ba ki labarin aminiyarki Gwaggo Dije, wadda kuka zo Umra tare kuka ƙi komawa tare. Tana nan da rai, har kwanan nan ma a ɗakinta na unguwar Ruwais a nan Jidda take. Gwiwoyi sun ƙi, amma bakin nan da kika sani bai ragu da komai ba.

Ni kuma ina aikin shara da wanki a unguwar Aziziyya, gidan wata nas 'yar ƙasar Ailan. Mace ce mai surutu kamar rediyo. Rannan ina guga ta nuna min hoton kawunta a waya. Tun yana saurayi ya tafi Ingila aikin gini, ya tsufa a can, ba mata ba ɗa. Ta ce gwamnatinsu tana ware kuɗi duk shekara don irinsa, 'yan ƙasa da neman abinci ya fitar waje. Da kuɗin ake riƙe wani zaure inda tsofaffi ke haɗuwa su ci abincin rana, su ji waƙoƙin garinsu. Idan mutum ya kwanta ciwo akwai mai leƙo shi. Da kawun ya ce gida yake so, suka nema masa ɗaki a yankinsu, ya koma.

Na ce mata madalla, na ci gaba da gugata. Ban ji haushi ba, Umma. Lissafi kawai na yi a raina, na ga mu ma muna da hanyar komawa kyauta, sai dai tamu sai an kama mutum.

Kin san tsarin. Wanda ba shi da iƙama, wato takardar zama, idan ya gaji, sai ya ɗaure jakarsa ya je ƙarƙashin gada ya zauna har askarawa su zo su kwashe shi zuwa tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a mayar gida, daga can a saka shi jirgi. Kin sha cewa mu ne mutanen da muke shekara da shekaru muna gudun mota, ranar da muka gaji kuma mu bi ta da gudu.

To, Gwaggo ta gaji. Ta ce Gumel take so ta mutu, kusa da iyayenta. Ta rabar da tiren gyaɗar da take kasawa a kasuwar Balad, ta ba maƙwabta tukwanenta. A jakarta ba komai sai zannuwa da likkafanin nan. Kin tuna shi, wanda ta saya shekarar da kuka zo, ta jiƙa shi da zamzam ta shanya a soron gidan da kuka fara sauka. Kina yi mata tsiya wai ta yi wa mutuwa lefe. Ita kuwa cewa take a ƙasar Gumel za a warware shi, ba a wani wuri ba.

Ni na raka ta a tasi. Kwana da kwanaki tana zuwa tana zama. Duk ranar da motar ta zo, samari da 'yan mata ne ke rugawa su cika ta kafin Gwaggo ta gama dafa ƙasa ta miƙe. Rana ta ƙarshe wani askari, yaro ne sa'an jikanta, ya kawo mata ruwan sanyi da dabino, ya kira ta khala, wato inna, ya ce rana ta yi zafi ga tsohuwa. Har tasi ya tsayar mata. Duk shekarun nan tana ɓuya kada a kama ta, ashe ba mai bukatar kama ta.

Ba ta yi kuka ba. A hanya ma faɗa take wai dabinon ya bushe.

Shekaranjiya ta ce in kai ta wurinki. Muka tsaya a bayan katangar maƙabartar kamar yadda mata ke tsayawa, don ko ni ban san daidai inda kike ba. Ta yi addu'arta. Da muka dawo ta kwance jakar, ta ciro likkafanin ta ɗora min a cinya. Ta ce in ajiye shi inda hannuna zai kai da sauri, tunda Rabi ta riga ta kama musu wuri. A nan ne na kasa, Umma. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji ni.

Na ɗauko ta ta dawo ɗakina. Tana kwana a katifarki, tana kushe miyata kamar yadda kike yi. Ina kewarki ƙwarai, kuma ina tsoron ranar da zan buɗe durowar da na ajiye likkafanin.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba Gwaggo cikawa da imani, ya sa ƙasar da ta karɓe ki ta karɓe ta da sauƙi. Amin.

Taki har kullum,
'Yarki Asma'u
Jidda