Takalman Kawu Arzika

Bodinga, 9 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen Mandera duka. Yaya ciwon bayan naki?

Yayanki, Kawu Arzika, ya zo asibitinmu ran Litinin daga Horo Birni saboda ciwon sukarinsa. Ni ya tarar a teburin kati, sati na uku da kama aiki. Tsofaffin sojoji ranar Laraba kawai likita ke ganinsu, mutum goma sha biyu. Na duba littafi, babu gurbi sai 19 ga Fabrairu, kwana arba'in da huɗu. Ita na rubuta masa. Na ji tsoron a ce na fifita ɗan'uwa. Ya karɓi katin, ya sara mini cikin wasa, ya ce soja ba ya musu da umarni.

Ki gaida ƙanwata Zulai.

Ɗanki,
Lawali

Bodinga, 23 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, na ga kiranki sau biyar. Kunya ta hana ni ɗauka.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. A takardar da muke cikewa akwai tambaya ko mai ciwon sukari yana da rauni a ƙafa. Wanda ya ce e, a ranar ake duba shi. Ban tambayi Kawu ba. Na ji nauyin in ce wa wanda ya goye ni ya cire takalmi a gaban mutane, sai na rubuta babu. Kaina na sunkuye har muka gama, idona a kan tsofaffin takalmansa na soja, ban ko yi tunanin me ya sa ya bar silifa ya sa su ba. Ashe gyambo ne a ƙafar yake ɓoyewa a cikinsu.

Ya koma gida yana ban ruwan albasa, yana sayen ƙwaya a kemis, yana jiran ranarsa. Ran 14 ga wata aka kai shi Sakkwato. Yatsun ƙafa biyu aka cire masa.

Na ƙirga a littafinmu: cikin tsofaffin sojoji sittin da uku da aka ba ranar da ta wuce wata guda, ashirin da bakwai ba su dawo ba. Ban san inda suke ba. Na gaya wa shugabanmu abin da na yi, kuma yanzu duk wanda ya zo, ni nake durƙusawa in kwance masa igiyar takalmi.

Jiya na je duba Kawu, na shirya abin da zan faɗa tun a mota. Kafin in buɗe baki ya zaro katin daga aljihu, a naɗe cikin leda, ya miƙo mini. Ya ce in yafe masa rashin zuwa ran Laraba, kada ya ja mini faɗa a wurin aiki.

Inna, har yanzu bai sani ba. Ran Juma'a zan biyo ta Mandera. Don Allah ki raka ni, in faɗa masa kina wurin.

Ɗanki,
Lawali