Tabarma a Gaban Dandamali

Gumel, Lahadi

Yaya Gudaji,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya ɗinki, ya Ummukulsum?

Tunda ka jefa wayarka a akwati tun da sanƙarau ya tafi da jinka, dole na koma takarda. Ran Asabar ta sama, bayan la'asar, ƙungiyarmu za ta yi wasan kwaikwayo a filin makarantar da nake koyarwa. Ni na rubuta shi, kuma shi ne na farko. Kai ka koya mini tsayuwa a dandamali, ga shi shekara bakwai rabonka da kallo. Na samo mai fassara da hannu daga Maigatari saboda kurame. Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Halimatussa'adiya

Sule Tankarkar, Laraba

Halima,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ɗinki da godiya.

Ke dai har yanzu sai ki yanke ba ki auna ba. Ni da na kurmance ina da shekara talatin, a ina na koyi maganar hannu ta makaranta? Bakin mutum nake karantawa. Wancan karon a Gagarawa, kujerun gaba na manyan baƙi ne, aka kai ni can baya kusa da lasifika, wai don na fi ji. Na zauna ina kallon mutane suna dariya, ban san ko da ni ake ba. Ranar na yi kuka a kan babur.

Sannan 'yan wasanku mata. Da an zo maganar da ta fi muhimmanci, sai yarinya ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Me zan karanta, ƙeya?

Ina tsoro, Halima. In na zo na sake zama kamar buhu, zan tashi a tsakiyar wasan, kuma kada ki ƙara gayyata ta.

Yayanki,
Gudaji

Gumel, Asabar

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na karanta takardarka, kunya ta kama ni. Ban taɓa tambayarka abin da kake buƙata ba, haka ne.

Na je wajen shugabanmu, Alhaji Dalhatu, na roƙi kujera ɗaya a gaba. Ya ce an riga an rubuta sunaye an manna, in ya cire na wani, har shekara ta zagayo ana maganar. Na koma kan Fatsuma, wadda ta fito a 'yar gidan. Na ce ta ɗaga kai in tana neman gafarar mahaifinta. Ta ce wallahi ko a wasa ba za ta kalli tsakiyar idon uba ba, iyayen mijinta za su zo kallo. Na rasa yadda zan yi, na zauna a ƙasa dab da dandamali ana ci gaba da gwaji.

Yaya, ina ɗaga ido sai ga fuskar Fatsuma gaba ɗaya a kaina. Dandamalin ya kai ƙugu, duk wanda ya sunkuya, na ƙasa yake kallo. Ta yarda za ta riƙe mayafin a ƙirji, ba a baki ba. Alhaji ma ya ce tabarma ba ta ture kujerar kowa.

Na san abin da za ka ce: kai da ka sha fitowa a sarki, yau a zaunar da kai a ƙasa wajen takalman manya. Ni ma abin ya tsaya mini a rai. Amma nan ne kaɗai wurin da za ka ga kowace kalma, kuma tare za mu zauna.

Halima

Gumel, Alhamis

Yaya,

Sallama. Kwana biyar shiru. Na tambayi direban da ya kai takardar, ya ce a gabansa ka karanta, ka ninke, ka ci gaba da taka keken ɗinki. In na ɓata maka rai ka yafe mini. Na sayi sabuwar tabarma. Zan shimfiɗa ta jibi ko ka zo ko ba ka zo ba, amma ban san yadda zan kalle ta ba kowa a kai ba.

Taka,
Ƙanwarka, Halima

Sule Tankarkar, Lahadi

Halima,

Gaisuwa da fatan kin huce gajiya. Jiya na gudu ana idarwa, ban tsaya sallama ba, don ba na son ki ga idona.

Sau biyu na yunƙura zan tashi kafin a fara. Amma da Fatsuma ta durƙusa, duk filin ƙeyarta suke gani, ni kaɗai nake ganin fuskarta. Ba kalmar da ta wuce ni. Har inda ta manta magana ta ce a hankali, "Wayyo, Malama za ta kashe ni." Ki bar ta, ni kaɗai na ji.

Fitowa ta biyu ta yi tsawo, ki rage. Kuma tabarmar ta yi kaɗan. Mu biyar ne kurame irina a nan garin.

Yayanki,
Gudaji