Akwatin Mai Fenti

Yaya,

Yau shekara shida da wata biyu rabona da gida. Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Inna? Yara suna karatu dai ko? Ni lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Abokin ɗakina, dattijon nan mai fenti, Allah ya yi masa rasuwa watan jiya. Ya bar akwatinsa, irin mai tayar nan da ake buɗe gefensa ya zama kujera. A kansa yake zama idan muna layin sabunta takardun zama a ƙasar nan, yana tsokanata: "Sha tsayuwa, ƙanena, ni da kujerata na zo." Ya shirya akwatin tsaf, har da takalman jikoki, yana jiran hutu ya je gida. Tsakani da Allah maigidanmu bai taɓa cin haƙƙinsa ba, amma maganar hutu kullum "sai an gama wannan ginin."

Yanzu duk na dawo daga aiki sai in tarar akwatin ya gangara bakin ƙofa. Na san daɓen ɗakin ne ya karkace. Na tare tayar da bulo, sai kuma na ji kunyar marigayin na cire.

An ce in tura akwatin gida ta jirgin kaya, na ƙi. Ni zan miƙa wa matarsa hannu da hannu. Ki tambayar min Inna abin da ake faɗa wa mace a irin wannan rana, ni ban sani ba.

Allah ya sada mu da alheri. A wurin aikinmu ba sa barin mutum ya tafi gida sai ya tara hutun kwana talatin. Ina da goma sha ɗaya.

Ƙaninki