Ranar da Gwaggo Saudat Ta Kama Kwamfuta da Ƙarya

Dengfeng, Guangzhou,
19 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga Hajiya Yalwa, kakata kuma uwargidana tun ina cikin zanin goyo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta ƙetare teku da hamada kafin ta durƙusa a bakin ɗakinki, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sassauta ciwon gwiwar nan, ya ƙara miki hasken ido, ya ja kwananki har ki ga ranar da maigidanki zai dawo da digiri a hannu da tumbi a gaba. Na san ƙanwata Radiyya ce za ta karanta miki, saboda haka ina gargaɗinta tun daga nan: kada ta tsallake wuraren da aka yabe ni, domin ba su da yawa a wannan karon.

Ni dai alhamdu lillahi, karatu na tafiya, sanyi na ɗan taɓa mu, kuma masu ce miki na rame ba su da tsoron Allah. Autarki, Gwaggo Saudat, tana nan lafiya lau a ɗakin da na kama mata kusa da nawa. Na tuna yadda kika hana kanki sakat da za ta taho, kina cewa yaya za a yi wadda ko gaisuwar Sinawa ba ta iya ba ta shiga ƙasarsu ta sayi kaya. To ki kwantar da hankalinki. A mako biyu ta koyi kalma uku kacal, wato nihau ta gaisuwa, da lawban da ake kiran mai shago, da meyo wadda ke nufin babu, kuma da su ta zagaye kasuwannin Liuhua Lu har masu shaguna suka fara miƙe mata kujera. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wani al'amari ne mai girma ya faru ranar Alhamis da ta wuce, wanda na ga ya wajaba a rubuta shi domin amfanin na baya, ko da kuwa mutuncina ne zai biya diyyarsa.

Kin san kayan da ta zo saye na Sallah ne, takalman yara da mayafai da jakunkuna, kuma kusan rabinsu saƙon matan unguwa ne da suka amince mata. An gama haɗa su, an kai sito. Abin da ya rage shi ne a shiga shafin kamfanin jirgin ruwa a intanet a miƙa takardun kayan kafin ƙarfe biyar na yammacin Alhamis. Wanda ya wuce lokacin, jirgi ya bar shi. Kuma wannan ne jirgin ƙarshe kafin bikin sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da kowa ke rufe shago ya tafi garinsu. Idan kayan suka rasa shi, sai dai su iso Kano bayan an ci shinkafar Sallah an wanke tukwane, Gwaggo kuma ta rasa idon da za ta kalli matan unguwa da shi. Wannan aiki ni aka danƙa wa, a matsayina na masanin na'ura na zuriyar gidanmu, muƙamin da na riƙe tun ranar da na sauya wa rediyonki batir. Kwamfutata kaɗai kamfanin ya yi wa rajista, kuma sauya wata sai an jira kwana biyu.

Da muka idar da azahar na zauna, na gyara wuyan riga, na sanar da Gwaggo cewa lamarin ba zai wuce minti biyar ba. Na buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita, na rubuta adireshin kamfanin. Maimakon shafi, sai ga wata alama ja da gargaɗi cikin manyan baƙaƙe, wai wannan hanya ba amintacciya ba ce, wataƙila ɓarayi na ƙoƙarin sace bayananmu. Na yi murmushin manya, na gwada shafin makarantarmu da ke Tianhe, wanda nake shiga kullum. Shi ma ɓarayi. Na gwada wurin da nake karanta labaran ƙwallo, nan ma ɓarayi. Hajiya, a cikin minti goma kwamfutata ta yanke hukuncin cewa duk duniya babu mutumin kirki ko ɗaya.

Na fito da ilimina gaba ɗaya. Na kashe na kunna. Na share tarihin burauzar kaf. Na sauko da wata burauzar daban da ke ajiye, ita ma ta maimaita ƙazafin 'yar'uwarta. Muna cikin haka maƙwabcinmu Munkaila ya leƙo, wani ɗan Maraɗi mai safarar kayan babur, wanda ba ya iya ganin taro ya wuce. Ya ce ai wannan aikin 'yan damfara ne, sun shiga ciki sun yi kaka-gida. Can kuma ya ce a'a, intanet ɗin ƙasar ne, haka yake yi idan biki ya matso. Daga ƙarshe ya nuna min wani ƙaramin rubutu a ƙasan gargaɗin wanda ke ba mutum damar ya ci gaba duk da haka, ya ce in danna kawai, shi kullum haka yake yi, kuma ga shi da ransa. Wallahi yatsana har ya hau. Gwaggo ce ta riƙe hannuna. Ta tambaye ni ko bayan dannawar zan rubuta kalmar sirri in kuma saka takardun kayan mutane. Na ce ƙwarai. Ta ce to ba da yawunta ba. Ta ce a shagonta idan maigadi ya tare ƙofa ya ce akwai matsala, ba ta ture shi ta wuce, tsayawa take ta ji me ya gani, ko da kuwa daga baya za ta gane gyangyaɗi yake yi. Munkaila ya ce mata, Hajiya, lokaci fa na tafiya. Ta ce ta sani, agogon a hannunta yake, ba a nasa ba.

Wajen ƙarfe uku muka rungumi kwamfutar muka sauka wurin wani mai gyaran waya a bakin titi. Lawban ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce cuta ce ta shiga, maganinta a wanke komai a sake zubawa, a dawo gobe. Na fassara wa Gwaggo cikin muryar ta'aziyya. Ta tambaya ko wankin zai haɗa da takardunmu da rajistar kamfani. Da na ce zai haɗa, sai ta dubi mutumin nan ta ce masa meyo, da irin muryar da kike ce wa mai tallan kifi ya wuce. Sannan ta miƙa min wayarta ta ce in buɗe shafin kamfanin a ciki. Ya buɗe tas, ba ja ba gargaɗi. Ta sa na buɗe a tawa wayar, ya buɗe. Ta ce to ashe kamfanin lafiyarsa ƙalau, intanet ma lafiyarsa ƙalau, tun da shaidu biyu sun wanke su. Mai ƙarar shi kaɗai ne, saboda haka shi za a bincika. Hajiya, shekara biyu ina jami'a ban ji malamin da ya warware magana a taƙaice haka ba.

Muka koma ɗaki ƙarfe huɗu saura. Ni dai na riga na fara tsara jawabin da zan yi wa matan unguwa a zuciyata, mai cike da ambaton ƙaddara. Na ajiye kwamfutar a kan tebur na dafe kai. Da ta ɗan jima ba a taɓa ta ba sai ta rufe fuskarta, ta nuna hoton wani dutse da lokaci da sunan rana da Turanci, kamar yadda ta saba. Gwaggo tana zaune a gefen gado da carbi, tana azuminta na Alhamis. Sai na ji ta ce, Abdulgafar, me ya sa akwatin nan naka yake cewa yau Litinin? Na ce mata cikin ladabi da tausayawa cewa wannan ƙaramin abu ne, mu da ke fama da babbar musiba. Ta ce ita dai ta azumci Litinin tun kwana uku da suka wuce, ba kuma za a sa ta maimaita ba. Ta ce wanda bai san ranar da yake ciki ba, ta yaya za a yarda da shi idan ya kira wani ɓarawo? Ta umarce ni in buɗe kalandarsa.

A nan ne, ya uwargida, tarihi ya juya min baya. Watan daidai, kwanan watan daidai, amma shekarar ta koma baya har biyu. Kuma ba aljani ba ne ya mayar da ita. Kin san al'adar mutanenmu a nan, kowa da agogo biyu, ɗaya na nan ɗaya na gida, domin mun riga ku da awa bakwai, kuma ba wanda yake son ya tashi mahaifiyarsa daga barci da sunan gaisuwa. Tun zuwan Gwaggo take tambayata ƙarfe nawa a Kano, Hajiya ta karya ko ba ta karya ba. Ranar Laraba da la'asar, don in nuna bajinta, na hana kwamfutar saita lokacinta da kanta, na juya ta da hannuna zuwa lokacin Kano, na gabatar wa Gwaggo a matsayin kyauta. A wajen juyawar ne yatsana mai albarka ya goge shekarar ban lura ba. Duk wunin Alhamis ina kallon kusurwar da agogon kwamfutar yake ina lissafa awa, ban taɓa duban shekara ba.

Ga yadda abin yake, don kada Radiyya ta ce ban fahimta ba. Kowane shafin kirki yana ɗauke da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar bizar da ke cikin fasfo. Burauza kuwa maigadi ce, tana duba takardar ta gwada da kalandar gidanta. Da yake na mayar da ita shekara biyu baya, duk wanda ya zo sai ta ga takardarsa na ɗauke da ranar da ba a kai ba tukuna, sai ta ce ta jabu ce. Ashe baiwar Allah aikinta take yi tsakani da Allah, ni ne na ruɗa ta. Na mayar wa kwamfutar ikon saita lokacinta, na rufe na buɗe, shafin kamfani ya bayyana kamar bai taɓa ɓata ba. Muka miƙa takardu ƙarfe biyar saura minti ashirin, saƙon amincewa ya shigo, Munkaila da ya sake leƙowa ya yi kabbara ya ce dama shi tun farko ya zargi kalandar.

Da magariba na kai ta wani ɗan gidan abinci na mutanenmu ta sha ruwa da tuwo miyar kuka. Ina jiran faɗa, ban samu ba. Abin da ta ce kawai shi ne ba laifina ba ne, laifinki ne, domin kin sangarta ni. Ta ce su a zamaninsu ba kya zuba wa yaro koko da safe sai ya faɗi sunan ranar da kwanan watan Musulunci, wanda ya kasa shi ne na ƙarshe a layi, kuma ita ta sha zama ta ƙarshe har ta daina. Ta ce da na zo duniya sai dokar ta faɗi, wai miji ba ya bin layi. Saboda haka ina shigar da ƙara a gabanki a kan ke kanki, kuma ina neman a biya ni kokon horon da aka hana ni.

Maganar gaskiya, Hajiya, ban da wasa, kin haifi mace. Mu uku maza muka taru a kan na'urar nan, kowa na faɗin abin da ya ji an ce, ita kaɗai ce ta tsaya ta dubi abin da ke gabanta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yarda an yi gaggawa da amanar mutane ba, ba ta kuma kunyata ni a gaban baƙo ba. Idan ta ce za ta sake dawowa baɗi, kada ki hana ta.

Ki gaishe min da Baba da Umma, da Kawu Sharif da iyalinsa, da Hindu da jaririnta, da Malam Maidaji mai shagon ƙofar gida. Radiyya kuma na san tana dariya, Allah ya shirye ta. Gwaggo na gaishe ki, jirginta ranar Asabar ne in Allah ya yarda. A cikin kayan da suka taso akwai wani agogon bango da na saya miki, mai nuna lokaci da rana da wata da shekara, a rataye shi saitin gadonki. Idan ya iso a jira Gwaggo ta saita shi. Ni an yanke min hukuncin kada in ƙara taɓa agogon kowa har sai na faɗi sunan rana sau arba'in a jere ba kuskure, kuma yau, Lahadi, na ci ta uku.

Naki har kullum, jikanki kuma maigidanki mai murabus daga muƙamin masanin na'ura,

Abdulgafar.