Safar Kaka Stojanka

Litinin, 6 ga Nuwamba

Sun sako ni daga kurkuku, da takarda mai sharaɗi tara. Ba giya, ba ƙwaya sai wadda likita ya rubuta, Litinin in kawo kaina ofis, Alhamis in je wurin likitan ƙwaƙwalwa. In na karya ɗaya, in koma in ƙarasa wata goma sha ɗaya. Madam Gordana, jami'ar da aka ɗora a kaina, ta ce in karanta kafin in sa hannu. Na ce littafi tamanin na karanta a kurkuku, ban ga mai munin rubutun wannan ba. Ta ce, "To malam mai karatu, sa hannu."

Kaka Stojanka ta jira ni a tashar Cacak da burodi cikin tsumma. Ta ƙara gajarta.

Alhamis, 9

Likita ya tambaye ni game da ranar da na tsinci babana ƙarƙashin tarakta. Minti hamsin ina kallon takalmin likitan.

Lahadi, 12

Zazzaɓi tun hantsi. Na farka da la'asar, ƙafafuna cikin safa jiƙe sharkaf da rakija, barasar da Kaka ke dafawa a lambu. Ƙirjina ma ta shafe. Na yi ihu har karen maƙwabta ya amsa. Ta ce, "Rufe min baki, Veljko. Giya ita ce wadda ta bi ta maƙogwaro. Wannan magani ne, da shi na raini ubanka."

Warin. Kwalbar barasar na kan tebur, taku biyu. Ban taɓa ba.

Litinin, 13

Wanka biyu, warin na nan. Ina shiga ofis Madam Gordana ta ajiye biro. "Sati ɗaya kacal, Veljko?" Na fara zagi, don na san ba mai yarda da ni. Sai ga Kaka, ashe biyo ni ta yi a bas. Ta dire safar a kan tebur.

"Shinshina, 'yata. In ɗauri ne, ni za ki ɗaure."

"Kaka, ai doka ce."

"Dokar taki ta taɓa sauke wa wani zazzaɓi?"

Aka ba ni na'urar gwajin giya na hura. Babu komai. Madam Gordana ta ce uwarta ma haka take mata. Amma ta ƙara sharaɗi na goma: kada barasa ta kwana a gidan da nake. Na tabbata Kaka za ta yi faɗa. Sai ta dube ni, ta ce to.

Laraba, 15

Kawu Ratko ya zo da amalanke ya kwashe tukunyar dafa barasar da kwalabe duka. Tukunyar kakana ce, shekara hamsin. Kaka ta ce dama ta gaji da hayaƙi. Ƙarya take.

Alhamis, 16

Na riga likita isowa. Bas ce ta yi sauri, ba wani abu ba. Na faɗa masa launin taraktar. Ja ce.