Layuka Huɗu na Ƙasan Takarda

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani,

Likitata,

Za ki tsinci wannan takarda a aljihun farar rigarki ta aiki. Na zaɓi rubutu ne don na san ido da ido bakina ba zai iya ba.

Kin tuna ɗakinmu na farko? Taga ɗaya, kujera mai gajeriyar ƙafa da muke tokarewa da tsofaffin jaridu, da rediyon da ba ya magana sai an mare shi. Idan aka yi ruwa mu ja katifa gefe, mu tara roba inda rufi ke ɗiga, ki ce ai mun samu famfo kyauta. A lokacin, idan kin tashi daga ɗakin magani na asibiti, kina biyowa ta maɗaba'a, ki tsaya ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa, inji na ruri a ciki, ni kuma in fito hannu duk tawada. Wata rana na riƙe hannun rigarki don ki tsallake kwata, na bar miki shatin yatsu huɗu. Kika duba, kika ce, "To, Edita, ni ma an buga ni ke nan. Saura a kai kasuwa." Dariyarki ta ran nan, kamar kukan tsuntsaye bayan an ɗauke ruwa, har yau tana kunnena. Ba mu da komai, amma ban taɓa jin muna cikin rashi ba. Ina waɗancan ranakun suka shige?

Da aka rufe jaridarmu wata huɗu da suka wuce, albashinki ya zama shi kaɗai ke ɗauke da mu da yara biyu. Ba ki yi kuka ba, ba ki yi min gori ba. Wata ranar hutu kika zauna kika jera duk abin da gidan nan ke ci a takarda ɗaya, kika miƙo min tare da jan birona. "Yanka ai sana'arka ce," kika ce. "Rage mana."

Ni kuwa na yi abin da hannuna ya saba shekara goma sha tara. A aikin jarida, abu mai nauyi ake sawa a sama, mara nauyi a ƙasa, don idan shafi ya cika a yanke daga ƙasa ba tare da dogon tunani ba. Haka na yi. Na bar haya da makarantar yara, na bar wuta da abinci, na bar har jaridu ukun da ake kawo min kowace safiya. Na ja layi a kan huɗun ƙarshe, ido na gudu, zuciya ba ta wurin, ina jin kaina gwani. Na manta wadda ta rubuta. Na manta ke ce macen da ke zuba wa kowa kafin ta zuba wa kanta. Layukan ƙasa naki ne duka: kuɗin motar zuwa aiki, sabon tabarau, man da kike shafa wa hannu saboda sabulun asibiti, da katin kiran mahaifiyarki.

Kika karɓa, kika duba, kika ce, "Ya yi." Kika manna a jikin firij.

Jiya na kai takalmin Auta wurin mai gyara, na haɗa da naki. Ya juya shi, ya dubi dunduniyar, ya ce, "Malam, madam gasar tafiya ta shiga ne? Watan jiya fa na sa wannan." Na yi masa dariyar yaƙe, na tsaya kamar an dasa ni. Sai ga komai ya fito fili: fitar da kike yi da sassafe, ruwan ɗumin da kike tsoma ƙafa a ciki da yamma, yadda kike nesanta takarda da ido kafin ki karanta. Wane irin mai gyaran rubutu ne ke ganin waƙafin da ya ɓata a shafin wani, ya kasa ganin ƙafar matarsa ta kumbura?

Ba takalmin ne ya fi tsorata ni ba, farin watana. Shirunki ne. Kina gaishe ni, kina ba ni abinci, kina tambayata ko an kira ni daga wuraren da na nemi aiki, amma kin daina tsokanata. Gidan ya zama kamar kogin da ya janye ya bar yashi. Rashin aiki zan iya jure shi. Ki zauna da ni cikin ladabi kamar baƙo, wannan ba zan iya ba.

Na sallami mai kawo jarida, zan riƙa karantawa a laburare. Kuɗin motarki na cikin wannan ambulan. Asabar za mu je a auna idonki, kuma na riga na kira Mamanki na gaya mata rashin jin muryarki da ta yi laifina ne. Waccan takardar na cire ta daga firij. Sabuwar tare za mu rubuta, kina faɗa da baki, ina tambayar kowane layi na waye.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan kin dawo yau, a mota, ki zaunar da ni ki yi min faɗan da kika daɗe kina haɗiyewa. Zan saurara har ki gama, ba zan gyara miki ko kalma ɗaya ba.

Naki, da aiki ko babu, har ranar da numfashi zai ƙare,

Mijinki